Saitin Bahago

Idan ka rubuta Bahago a wayarka ka ƙara da sunan wasan, wani shafi zai fito da hotonsa a sama, yana sanye da baƙar rigar ƙungiya, ya harɗe hannuwa a ƙirji. A ƙasan hoton lambobi ne a jere: saurin maus ɗinsa, faɗin allonsa, wane madanni ke yin me a kibod, har da launin ɗan gicciyen da yake auna abokin gaba da shi. An ce dubban mutane sun kwafi lambobin nan sun sa a kwamfutocinsu. Ni yayarsa ce. A gida Auta muke ce masa, kuma har yau Umma ba ta taɓa kiransa da ɗaya sunan ba.

Shekara tara ce tsakanina da shi. Baba direban bas ne na cikin gari, hanya ɗaya yake bi safe da yamma. Umma tana ɗinki a ɗaki. Auta ya taso bahago, Umma ta sha cire masa cokali daga hagu ta mayar dama har ya koyi ci da dama, amma duk sauran abubuwa ya ci gaba da yin su da hagunsa. Yaro ne marar rigima. In aka ajiye shi a wuri, nan za a dawo a same shi.

Da na gama sakandare sai na kama aikin buga takardu a shagon Kawu, ƙanen Umma. Gaban shagon injin kwafi ne da teburina, bayansa kuma kwamfuta shida da samari ke zuwa yin wasa a kai. In an tashi makaranta wurina Auta yake zuwa, ya zauna a kan kwalin takarda yana kallon bayan kawunansu. Kwamfuta ta shidan tana can ƙurya, ba mai son ta. Allonta tsoho ne mai kusurwa huɗu daidai, madanni biyu sun mutu a kibod ɗinta, maus ɗinta kuma sai ka ja shi kamu guda kafin abin da ke allo ya juya. Wata rana Kawu ya gaji da ganinsa a kan kwali, ya ce, "Je ka waccan, in dai ba za ka dame ni ba."

Ni na zare wayar maus ɗin na zagayo da shi hagu. Kawu ya yanko masa guntun ledar ƙasa da ta rage daga gyaran shago, ya shimfiɗa a kan teburin don maus ɗin ya riƙa tafiya. Shekararsa goma sha ɗaya.

Wasan na harbi ne. Mutum biyar suna fuskantar biyar a cikin wani gari na ƙarya mai lunguna da ƙofofi, wanda ya riga ganin wani ya danna shi ke rayuwa. Akwai wata doguwar bindiga mai harbi ɗaya kafin a sake ɗura ta, in ka kuskure shi ke nan ka mutu. Ita Auta ya ɗauka. Sauran yara gudu suke yi suna ihu. Shi sai ya sami kusurwa ya tsaya, ya sa gicciyen a bakin wata ƙofa, ya jira. Yana iya minti guda bai motsa ba. Da inuwa ta gifta sai hannunsa ya share teburin tun daga gwiwar hannu, sai ka ji wani a kwamfuta ta biyu ya buga tebur yana cewa, "Bahagon nan kuma." Daga nan sunan ya bi shi.

Duk lambobin da ke shafin can daga wannan ƙuryar suka fito. Saurin maus ɗinsa ɗaya da ɗigo ɗaya ne, ƙasa da na kowa, don da maus mai nauyin tafiya ya koya. Hoton allonsa a matse yake, saboda tsohon allon Kawu haka yake. Da wani madanni can gefe yake tsalle, saboda na tsallen ya mutu a kibod ɗin. Daga baya na ga mutane suna rubuta dogon bayani a kan hikimar da ke cikin kowane zaɓi. Ban taɓa gyara musu ba.

Yana da shekara goma sha shida wani mutum ya zo gidanmu, mai sanƙo, bai kai arba'in ba. Ya ce shi kocin wata ƙungiya ce ta masu wasan, sun ga Auta a intanet, suna so ya koma gidansu da zama. Ya gaida Baba da ladabi ya zauna a ƙasa.

Baba ya ce, "To, wasa ne ko aiki?"

"Aiki ne, Baba. Sunansa ne kawai wasa."

"Akwai hutu?"

"Akwai."

"Akwai fansho?"

Koci ya yi dariya, ya ga Baba ba dariya yake yi ba, ya haɗiye sauran. Baba ya juya wurin Auta ya ce, "Kai kana so?"

"Na iya, Baba."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Auta ya dubi ƙafarsa ya sake cewa, "Na iya."

Baba ya sa hannu a takardar da sharaɗin sai ya gama sakandare ko da daga can ne. Ya gama, da ƙyar.

Na je gidan ƙungiyar sau uku cikin shekara takwas. Bene ne mai hawa biyu a wata unguwa mai shiru. Ɗakin aiki yana sama, kujeru biyar a layi ɗaya, labule a rufe ko da tsakar rana don kada haske ya bugi allo, na'urar sanyaya ɗaki tana hurawa har sai da na ja mayafina. Awa goma suke yi a ciki kullum. Kujerar Auta ce a ƙarshen layin ta hagu, don kada hannunsa ya riƙa bugun na kusa da shi. An sayo masa allo mai faɗi irin wanda ban taɓa gani ba, shi kuma ya matse hoton ya koma irin na shagon Kawu. Ya cire abin kunnensa ya gaishe ni, ya tambayi Umma, ya tambayi Baba, ya tambayi mijina. Duk amsar da na ba shi sai ya ce madalla. Idonsa yana kaina, amma yatsunsa na dama suna ta taɓa madannai a hankali kamar mai lissafi a zuci.

Yana da shekara goma sha tara suka ci babbar gasa. A wayata muka kalla, ni da Umma, mun jingina ta da gwangwanin zare a kan keken ɗinki. Umma ba ta gane komai a wasan, jira kawai take yi a nuno fuskarsa a ɗan ƙaramin akwatin da ke gefen allo. Da aka gama, sauran huɗun suka yi tsalle suka rungumi juna, ɗaya har da kuka. Auta ya miƙe, ya naɗe shimfiɗar maus ɗinsa, ya sa a hammata, sannan ya bi su. Da aka miƙa masa kofi ya ɗaga, don an ce ya ɗaga.

Umma ta ce, "Ba ya jin daɗi ne? Dubi fuskarsa kamar mai jiran mota."

Washegari ya kira ni. Na ce, "Yaya ka ji?"

"Yunwa na ji, Yaya. Tun safe ban ci komai ba."

"Ban da yunwa fa?"

Ya ɗan yi tunani, ya ce, "Fitilun sun yi haske da yawa."

Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa da yawa a kansu, don shi ma ba shi da shi. Sun yi tafiye-tafiye, ya hau jirgi ya fi a ƙirga. In na tambaye shi yadda wani gari yake sai ya ba ni labarin kujerar da aka ba su a ɗakin gasa, ko tebur ya yi tsawo, ko ya yi gajarta. Yana tafe da ɗan ma'auni a jakarsa, duk inda ya je sai ya auna tazarar da ke tsakanin bakin tebur da allo, da ta tsakanin kibod da shimfiɗa. Ya gyara wa su Umma rufin gida, ya saya mata sabon keke mai lantarki, ta rufe shi da zane ta ci gaba da aiki da tsohon. Abokan wasansa suna sauyawa, wannan ya tafi wancan ya zo. Shi yana nan a ƙarshen layi.

Ni na fara gane hannun. Ya zo gida hutun mako guda yana da shekara ashirin da uku, lokacin an daɗe da sallamar Baba daga aiki saboda idonsa. Ina zuba masa shayi da safe, butar ta goce, ruwan zafi ya zubo masa a ƙaramin yatsan hagu da na kusa da shi. Na yi salati na ajiye butar. Shi kuwa ya ci gaba da magana da Baba. Sai da ya ga inda nake kallo ya dubi hannun.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Ba komai ba ne."

"Auta, tun yaushe?"

"Wata biyar. Ko shida."

Na kai shi asibiti da kaina. Likita ya ƙwanƙwasa masa gwiwar hannu da yatsa, ya sa shi ya matse takarda tsakanin yatsun nan biyu, ya zare ta ba wahala. Ya ce jijiyar da ta bi ta gwiwar hannu ce ta matsu, shekara da shekaru ana goga ta a bakin tebur ana lanƙwasawa. Ya ce a huta wata shida a gani, in ba ta saki ba sai an yi masa aiki. A hanyar dawowa Auta ya ce kada in faɗa wa Umma, kuma kada in faɗa wa Koci. Na ce Koci ba ni da lambarsa ma. Ya ce to madalla. Ranar Lahadi ya koma.

Abin da ya yi maimakon hutu shi ne ya sauya lambar. Karo na farko tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya ɗaga saurin maus daga ɗaya da ɗigo ɗaya zuwa biyu da rabi, don ya daina share tebur da dukan hannu, ya koma motsa wuyan hannu kaɗai. Kwana ɗaya bai cika ba masu shafin suka gano, suka gyara. Mutane suka ce Bahago ya gano wani sabon sirri. Suka bi shi suka sauya nasu. Ya turo mini hoton abin da wani ya rubuta, wai tun da ya koma sabon saitin Bahago hannunsa ya buɗe, bai taɓa wasa mai kyau irin na wannan makon ba. Auta bai ƙara ko kalma ɗaya a ƙasan hoton ba. Ni kuma na tambaye shi ko ya ci abinci.

Ya yi wata goma a haka. Da yatsun nan biyu da babban yatsa ake riƙe maus, nasa kuma ba sa gaya masa ko sun riƙe ko sun saki. Harbin da a da ba ya kuskurewa ya fara wucewa ta gefen kunnen mutum. Masu sharhi suka ce ya tsufa. Shekararsa ashirin da huɗu.

Wasansa na ƙarshe da la'asar aka yi shi, na kalla a shagon Kawu, wanda yanzu ya koma na sayar da kayan waya. Saura shi kaɗai a ɓangarensu, saura mutum ɗaya a ɗaya ɓangaren. Ya tsaya a kusurwa ya sa gicciyen a bakin ƙofa kamar kullum. Mutumin ya fito ta bayansa. Auta ya ja hannu zai juya, maus ɗin ya kuɓuce ya tafi shi kaɗai har bakin tebur. A allo sai aka ga bindigarsa tana kallon sama. A ɗan akwatin gefe kuma aka nuno shi yana kallon tafin hannunsa a buɗe.

Kawu ya ce, "Wayar ce ta harɗe masa."

Na ce, "Maus ɗinsu ba shi da waya, Kawu."

Bayan kwana huɗu manajan ƙungiyar ya kira shi ofis ya sallame shi. Auta ya ce mutumin ya yi masa kirki, ya ba shi ruwa, ya ce ƙofa a buɗe take kullum. Suka sa hotonsa a shafinsu da rubutun godiya. Ya dawo gida da jaka ɗaya da shimfiɗar maus a naɗe. Da Umma ta ji maganar hannun ba ta yi masa faɗa ba, ni ta yi wa. Ta yi mako biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Aka yi masa aikin, aka matsar da jijiyar. Ya koma ɗakinsa na da, wanda Umma ta mayar na ajiye yadi. Ba ya kwana da rana, ba ya fushi, ba ya ƙin abinci. Yana tashi ya yi wanka ya sa kaya kamar mai fita, sai ya zauna a bakin gado da hannu a rataye a wuya. In an ce ya zo ya ci, ya zo. In an aike shi, ya je. Umma ta ce da ma ya fasa wani abu, ko faranti ne, da ta fi samun natsuwa.

Baba ne ya riƙa zama da shi. Idonsa ya yi nisa a lokacin, sai ya lallaɓo da bango ya zo ya zauna a kan buhun yadi, su yi awa guda suna zaune tare. Wata rana ina ninke kaya a bakin ƙofa na ji Baba yana cewa, "Ranar da suka karɓi makullin bas ɗin, na fito na tsaya a tasha ina jiran in ji wani abu. Shekara talatin da ɗaya. Ban ji komai ba. Na hau bas ɗin wani na dawo gida, har ina lura da yadda yake taka birki."

Auta ya ce, "Daga baya fa?"

"Daga baya na saba tashi ba tare da agogo ba."

Can Baba ya ce, "Yaron direban nan bai iya birki ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci." Na ji Auta ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ta farko tun dawowarsa.

Yatsan kusa da ƙaramin ya dawo bayan wata bakwai. Ƙaramin bai dawo ba. Likita ya ce wataƙila nan gaba, wataƙila kuma haka zai zauna.

Mijina yana aiki a wani babban sito da ake sauke kaya daga manyan motoci, shi ya yi masa magana a can. Aka koya masa tuƙa ƙaramin injin ɗaga kaya, mai ƙarfe biyu a gaba da ake zurawa a ƙarƙashin katako a ɗaga kwalaye. Sitiyari a hagu, sandunan ɗagawa a dama. Cikin wata biyu ya fi kowa iya saka kaya a saman kanta ta biyar ba tare da ya gogi komai ba. Mijina ya ce in Auta yana aiki har tsayawa ake yi a kalla, don ba ya gyara tsayuwa sau biyu. Abokan aikinsa sun ga yana sa hannu a takarda da hagu, su ma suka fara ce masa Bahago, ba tare da sun san komai ba.

Mutum ɗaya ne ya gane shi, mai gadin ƙofar baya, magidanci mai 'ya'ya uku da yake yin wasan a gida ranar hutunsa. Ya daɗe yana kallonsa kafin wata rana ya tare shi lokacin cin abincin rana.

"Don Allah, kai ne?"

"Ni ne."

Mai gadin ya rasa inda zai sa hannunsa, ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Saitinka nake amfani da shi. Amma akwai abin da ya daɗe yana damuna. Tsohon ya fi ko sabon?"

Auta ya ce, "Hannunka yana ciwo?"

"A'a."

"To bar shi inda ka saba. Kuma kada ka ɗora gwiwar hannu a bakin tebur."

Mai gadin ya jira ƙari, bai samu ba, ya yi godiya ya koma bakin ƙofarsa. Mijina ne ya ba ni labarin, Auta bai ga abin faɗa a ciki ba.

Yanzu shekararsa ashirin da bakwai. Ya kama ɗaki kusa da siton, babu kwamfuta a ciki. Koci ya kira shi sau biyu ya zo ya riƙa koya wa sababbi, ya ce zai yi tunani, kuma na san har yau bai ce a'a ba, bai ce e ba. Ranar Asabar yana zuwa gidana ya ci abinci, ya wuce wurin su Umma ya yanke wa Baba farce. Umma ta fara yi masa maganar aure, yana ce mata to.

A watan jiya shugaban siton ya ce suna neman wanda za a tura ya koyi babban injin da ke waje, mai doguwar ƙugiya da ke sauke kwantena. Sai an gwada ido da hannu kafin a ɗauki mutum. Auta ya faɗa musu maganar yatsan tun kafin su tambaya. Suka gwada shi, suka ce ba zai hana ba. Ya faɗa mini ne yana wanke hannu a bakin famfo, bayan ya gama ba ni labarin wata mota da ta toshe musu ƙofa tun safe.

Na ce, "To ai abin murna ne."

Ya ce, "Haka suka ce."

Ya goge hannunsa a wando, ya ce ɗakin injin yana can sama sosai, sai an hau tsani mai matakai arba'in, kuma an ce iska tana kaɗa shi kaɗan. Ranar Litinin zai fara. Ya tambaye ni ko mijina yana da tsohuwar rigar sanyi da ba ya sawa, na shiga ɗaki na duba masa.